Gargaɗi: Kogin Challawa Na Mutuwa, Wa Ke Ƙirga Abin Da Ya Rage?

Jama'ar Kano, ku je ku duba rafin Salanta. Ku tsaya a bakinsa da safe. Ruwan baƙi ne, wata rana ja, wata rana shuɗi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi. Kumfa ta kwanta a gefe. Ina kwaɗi? Ina ƙananan kifayen da yara ke kamawa? Babu.

Wannan ruwa daga masana'antun Sharada yake fitowa, ya faɗa kogin Challawa. Masana'antun jima na Challawa su ƙara nasu. Na Bompai kuwa ya bi rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya tare a madatsar Wasai. A cikinsa akwai sinadarin kromiyam da ake jeme fata da shi, da sinadarin cire gashi, da rini. Kromiyam ba ya ruɓewa. Yana kwantawa a laka, ya shiga jikin tarwaɗa da karfasa. Tafasawa ba ta fitar da shi. Suya ba ta fitar da shi. Kifin nan wa ke ci? Latas da alayyafon da ake ba ruwan Jakara, gidan wa suke shiga? Gidanka. Gidana. Kuma kada ku manta, matatar ruwan Tamburawa a bakin kogin Challawa take.

Idan kuka ga kifi ya taso sama yana haki, iskar da yake shaƙa a ruwa ce ta ƙare. Kada ku kwasa. Kada ku sayar. Kada ku ba yara.

Abin bai tsaya a Kano ba. Challawa ta haɗu da kogin Kano, ruwan ya wuce Wudil, ya zama kogin Haɗeja. Daga nan sai fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai duk hunturu, wurin da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a shekarar 2000. Sai Komadugu Yobe, ta iyakar Nijar wajen Diffa, har Tafkin Chadi. Masuncin Diffa bai taɓa ganin Sharada ba. Me ya sa zai ci dattinmu?

Ƙasashen duniya suna haɗa kai kan irin wannan. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa duk watan Janairu a ƙasashe da dama. Hukumar Tafkin Chadi tana nan tun 1964, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ta. To me ya hana a riƙa auna kogin nan tare, daga Challawa har tafki? A ɗebi ruwa duk wata. A auna laka. A ƙirga irin kifin da ke fitowa a koma, a rubuta wanda ya ɓace. Malaman Jami'ar Bayero sun iya aikin. Masuntan Wudil sun san kowane kifi da sunansa, a tambaye su tun dattawansu na raye.

Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007 doka ta ba ku wannan aiki. Ku shiga masana'antu. Wanda ba ya tace ruwansa, ku rufe masa magudana. Ku faɗi sakamakon awo a rediyo, da Hausa.

Masu unguwanni, sarakunan ruwa, manoman rani, kada ku jira damina ta wanke. Damina tura dafin take yi gaba, zuwa gonar wani. Duk ranar da ruwa ya sauya launi, ku ɗauki hoto, ku rubuta rana da wuri, ku kai Ma'aikatar Muhalli ta jiha a ranar. Idan ba a zo ba, ku koma washegari.