Amsoshin Wasiƙunku: Shin Da Gaske Ne Wata Ƙungiyar Kirista Tana Raba Gidaje Kyauta?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye. Ya ce ya ji a rediyo lokacin rasuwar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ana cewa wai mutumin ya yi shekaru yana gina wa talakawa gidaje da hannunsa. Shi ne yake tambaya: wace ƙungiya ce wannan, kyauta take ba da gidajen, kuma sai mutum ya shiga addinin Kirista kafin a ba shi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Sunan ƙungiyar Habitat for Humanity, wato kamar a ce muhalli domin ɗan Adam. Amsar a taƙaice ita ce, ba kyauta ake ba da gidan ba, kuma ba a tambayar addinin mai nema. Amma bari mu ɗauko maka zancen daga tushe, don ka fi ganewa.

A gona abin ya fara. A shekarar 1942 wani malamin addinin Kirista mai suna Clarence Jordan, wanda kuma ya karanta ilmin aikin gona, ya kafa wata gona da ake kira Koinoniya kusa da garin Amerikus a jihar Jojiya ta kudancin Amurka. A wancan zamani wariyar launin fata ta yi ƙarfi a yankin, amma shi ya ce a gonarsa baƙi da farare tare za su yi noma, tare za su ci abinci. Ya sha wuya a kan haka ƙwarai. Mutanen gari suka ƙaurace wa kayan gonarsu, har an sha kai masu hari da bindiga.

Sai ga wani lauya ɗan kasuwa daga jihar Alabama, Millard Fuller, da matarsa Linda. Wannan bawan Allah ya mallaki dala miliyan tun bai kai shekara talatin ba, amma neman kuɗin ya kusa kashe masa aure. Shi da matar suka yanke shawara su rabar da dukiyarsu, suka koma Koinoniya da zama a 1968. A nan ne su da Jordan suka dubi maƙwabtansu, yawancinsu 'yan ƙodago masu noma gonar wani, suna kwana cikin 'yan bukkokin katako masu yoyo, ba ruwan famfo, ba makewayi na kirki. Suka yanka filaye 42 a gefen gonar, suka buɗe wani asusu na gina gidaje. Jordan ya rasu a 1969, aikin bai yi nisa ba, amma abokansa suka ci gaba.

Wataƙila za ka yi mamaki, amma a nan Afirka aka gwada dabarar sosai kafin ta zama ƙungiya. A 1973 Fuller da iyalinsa suka tafi garin Mbandaka a bakin kogin Kwango, cikin ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, suka yi shekara uku suna gina gidaje bisa wannan tsari. Da suka ga abin ya yi, sai suka koma gida suka kafa Habitat for Humanity a 1976.

To yaya tsarin yake? Kai da kake manomi ka san aikin gayya, kuma a matsayinka na ɗan kasuwa ka san adashi. In ka haɗa waɗannan biyu, ka kusa gane shi.

Na farko, gayya. Masu aikin sa kai daga coci-coci, makarantu da kamfanoni sukan zo su yi aikin ginin ba a biya su ko sisi ba. Wasu kuma su ba da katako, kwanon rufi, fenti ko kuɗi. Wannan shi ke karya tsadar gidan, tunda ka san ladan magina da leburori ba ƙaramin kaso ba ne a kuɗin gini.

Na biyu, gumin mai gida. Wanda za a ba gidan ba zai naɗe hannu a inuwa yana kallo ba. Dole shi da iyalinsa su yi aiki na sa'o'i ɗaruruwa, a ginin nasu ko na wani mabukaci irinsu. Wannan gumi shi ne kamar kafin alƙalaminsa.

Na uku, biya. Idan gini ya ƙare sai a sayar masa da gidan ba tare da ƙungiya ta ci riba ba, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan kowane wata har shekara ashirin ko fiye. A tsarin farko ba a ɗora kuɗin ruwa sam. Masu ƙungiyar sun dogara ne da wani umurni a Littafin Fitowa, cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda ya hana karɓar ruwa a bashin da aka ba matalauci. Kuɗin da mai gida ya biya kuwa ba aljihun kowa yake shiga ba. Asusu yake komawa, a gina wa na gaba. Ka ga kamar adashi ke nan: wanda ya kwasa yau, zubinsa ne zai sa wani ya kwasa gobe.

Me ya sa ba su bayar kyauta, tunda aikin lada suke nema? Ra'ayin Jordan shi ne, talaka jari ya rasa da abokan aiki, ba hankali ko ƙarfi ba. In ka ba mutum goma gida kyauta, kuɗi ya ƙare, na sha ɗaya sai ya haƙura. In kuwa suna biya, asusun ba ya mutuwa. Sa'an nan wanda ya zuba guminsa a bango ya fi kula da shi, kuma yana shiga gidan da mutuncinsa, ba wanda zai yi masa gori.

Game da addini kuwa, ƙungiyar ba ta ɓoye cewa ta Kirista ce, koyarwar addininsu ta son maƙwabci ita ta tashe ta. Amma ƙa'idarta ta hana a sa sauya addini ko sauraron wa'azi ya zama sharaɗin samun gida. Abu uku kwamitin kowane yanki yake dubawa: tsananin bukatar mutum, ko yana da abin shiga da zai iya biya, da kuma ko ya yarda ya yi aiki tare da su. Masu aikin sa kai ma akwai mabiya addinai dabam-dabam a cikinsu.

Shi kuma Carter da ka tambaya, ba shi ya kafa ƙungiyar ba, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Manomin gyaɗa ne daga ƙauyen Plains, kusa da Amerikus, ya mulki Amurka daga 1977 zuwa 1981. A 1984 shi da matarsa Rosalynn suka bi ayarin masu aikin sa kai zuwa birnin New York, suka gyara wani tsohon bene domin iyalai marasa galihu. Ganin tsohon shugaban ƙasa da guduma a hannu ya sa duniya ta san ƙungiyar. Daga nan kusan kowace shekara sukan ba da mako guda ga wannan aiki har zuwa 2019, kuma sun sa hannu a gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14. Ya rasu a watan Disamba na 2024 yana da shekara 100.

Sai dai kada ka ɗauka tsarin ba shi da nakasu. Wanda ba shi da abin shiga ko kaɗan, kamar gajiyayyen tsoho marar mai taimako, da wuya ya cika sharaɗin biya, alhali ya fi kowa bukata. Fili kuma ya yi tsada a birane, don haka ƙungiyar ta ƙara da gyaran tsofaffin gidaje, da taimaka wa mutane su sami ƙaramin rance na yin rufi ko ƙara ɗaki. Kuma komai ƙoƙarin 'yan sa kai, ba za su ɗauke wa hukuma nauyin samar da filaye da hanyoyi da ruwan sha ba.

Shawararmu gare ka biyu ce. Ta farko, duk wanda ya zo kasuwarku da takarda yana cewa ka biya kuɗin fom za a ba ka gida kyauta daga Amurka, to ka riƙe kuɗinka, domin ka ji yadda ainihin tsarin yake. Ta biyu, dabarar nan ba sai da Bature ba. Magidanta goma a ƙauye za su iya zuba buhu ɗai-ɗai bayan kaka, su sayi kwano da ƙusa, su yi gayyar tubali da rani, su rufa wa mutum ɗaya ɗaki kafin damina, shi kuma ya biya a hankali don a yi wa na gaba. Abin da ake bukata shi ne ma'aji mai amana da littafin lissafi da kowa zai iya dubawa.