A auna jini tun kafin a ɗauki famfon feshi

Damina ta wuce, an fara gyaran garake. Da yawa daga cikinmu bashin asusu muka ɗauka don noman rani: albasa a wajen Galmi, tumatir da kabeji a Jiratawa. Cikin kuɗin nan har da na maganin ƙwari. Sau da yawa maza ne ke feshin, amma wa ke wanke rigar da aka yi feshi da ita? Wa ke tsinkar ganye washegari? Wa ke zuba piya-piya a ɗaki saboda sauro da kuɗin cizo? Mu ne.

Akwai wani sinadari a jikin mutum da likitoci ke kira kolinestaras. Idan jijiya ta aika wa tsoka saƙo, shi ne ke share saƙon don tsokar ta huta. Wasu magungunan ƙwari, irin su piya-piya da danginsa, ɗaure shi suke yi. Da haka suke kashe ƙwaro, haka kuma suke yi wa mutum idan sun shiga ta fata, ta hanci ko ta baki. Sai yawu ya yi ta zuba, zufa ta karyo, ga amai da zawo, baƙin ido ya tsuke, tsoka na rawa, numfashi ya yi wuya. Idan kaɗan-kaɗan yake shiga, ciwon kai ne da jiri da kasala, sai mu ce rana ce ko masassara, mu sha magani mu koma aiki.

Ana iya auna wannan sinadari a jini. Abin da muke so ku riƙe, ƴan uwa, shi ne awo ɗaya ba ya faɗin komai sosai. Kowa da nasa adadi: abin da yake daidai ga Hajiya yana iya zama ƙasa ga kishiyarta. Don haka ake son awon farko a yi shi lokacin da mutum ya yi kamar wata guda bai taɓa magani ba, a rubuta, a adana takardar kamar yadda muke adana littafin asusu. Idan feshi ya kankama sai a sake, a kwatanta. In ya sauka da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ana janye mutum daga aikin ko da bai ji komai ba. Irin wannan bin diddigi ake yi wa ma'aikatan yaƙi da fara.

Ina ruwan hanta a nan? Sinadarin iri biyu ne. Ɗaya yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, ɗaya yana cikin ruwan jinin, kuma hanta ce ke sarrafa na biyun. To idan hanta ba ta da lafiya, kamar mai ciwon hanta da ya daɗe, awon zai nuna ƙasa ko da mutum bai taɓa ganin garka ba. Juna biyu ma na saukar da shi, haka rashin abinci mai gina jiki da ƙwayar tazarar haihuwa. Kunya ba ta da wuri a nan: ki faɗa wa likita kina da ciki, ki faɗi ƙwayar da kike sha, kada a ɗora wa feshi laifin da yake na hanta. Na ruwan jini yakan dawo cikin makonni, na jajayen ƙwayoyi kuwa sai an yi watanni.

Ba kowace likitar ƙauye ke da wannan awo ba. A tambayi majo inda za a je, kuma ƙungiya tana iya ware kuɗin mota daga akwatin taimako ga waɗanda suka fi shan feshi. Sannan ba kowane maganin ƙwari awon ke kamawa ba, shi ya sa ake zuwa da kwalbar ko takardar da ke jikinta.

Idan kuwa mutum ya faɗi, ba a jiran awo. A cire masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa nono ko mai, kada a sa shi amai da ƙarfi. Akwai allurar da ke karya dafin, sunanta atirofin.

Waken da za mu ajiye bana kuma, buhun nan mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba, muddin an ɗaure kowace leda da kyau.