Tsaunukan Simiyan: tafiyar ƙafa a kan rufin da ke zubo mana ruwa

Ɗauki taswira ka ɗora yatsa a kan Hawata, ka ja shi gabas sak, kada ka karkata kudu ko arewa. Za ka ratsa gonakin dawa da riɗi na wajen Doka, ka ƙetare iyaka, bayan kimanin kilomita 400 yatsan naka zai sauka a kan Ras Dashen, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a ƙasar Habasha, mita 4,550 daga doron teku. Layi ɗaya muke da shi a taswira. Amma a daren da muke shimfiɗa a tsakar gida muna neman iska, can ruwan buta daskarewa yake yi.

Mu dai mutanen fili ne. Yaron Hawata idan aka ce masa dutse, na Gala'an Nahal yake tunawa, wanda ya yi yawo kuwa ya kawo Taka da Totil na Kasala. Jabal Marra, wanda babu kamarsa a Sudan, mita 3,042 ne. To a Simiyan, jerin tsaunukan da Ras Dashen ke cikinsu, daga inda Jabal Marra ya tsaya ake fara tafiya.

Masana ilimin ƙasa sun ce wurin tsohon dutse ne mai aman wuta, ya yi nasa aman kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, daga nan ruwan sama ya shiga sassaƙarsa. Abin da ya rage shi ne wani dogon doro: ta hannun dama fili mai ciyawa, ta hannun hagu gaɓa ce a miƙe kamar an yanka da wuƙa, a wasu wurare zurfinta ya kai mita 1,500. A bakin wannan gaɓa hanyar take, tana hawa ƙololuwa ta sauka, ta sake hawa wata, kwana da kwanaki. Ita ce mutane ke biyan kuɗin jirgi daga Turai da Amurka da Asiya don su taka. Na san wani dattijo zai ce, tafiyar da ba fatauci ba, ba zumunci ba, ba aikin Hajji ba, ta mece ce? Tambaya ce mai kyau, amma a bari mu bi hanyar tukuna.

Daga Gadarif mota ake shiga zuwa Gallabat, a ƙetara gada zuwa Matamma, a hau tudu zuwa Gondar, sannan a yi arewa kimanin kilomita 100 zuwa garin Dabark, inda ofishin gandun dajin yake. A nan ake yankar takarda, kuma dole a haɗa ka da ɗan rakiya mai bindiga daga mutanen yankin. Mai hali ya ƙara da jagora da mai dafa abinci da alfadarai masu ɗaukar kaya. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga masu zuwa Makka daga yamma. Gallabat kanta garin Takari ne a da, kuma Bature matafiyi Burckhardt, wanda ya ratsa Shandi a 1814, ya rubuta cewa wasu Takari ta Gondar suke bi su fita Masawwa su shiga jirgin ruwa. Tsohuwar hanyar ayarin Gondar zuwa Masawwa kuwa ta Dabark take bi, ta gangara mashigin Limalimo, a gefen waɗannan tsaunuka. Su ba su da tanti, ba su da takalmin hawa.

Zangon farko Sankabar ne, mita 3,250. A ranar nan mutum yake fara cin karo da jelada, wasu birai masu kama da bika, masu gezar gashi da jan tabo a ƙirji. Ciyawa suke ci, a zaune, suna tsinka da yatsu suna jan gindi, garke guda ya kai ɗaruruwa, da yamma su gangara su kwana a jikin gaɓar inda damisa ba ta iya cim musu. A tsaunukan Habasha kaɗai ake samunsu. Washegari a bi ta inda ruwan Jinbar ke faɗawa rami mai zurfin kusan mita 500, a hau zuwa zangon Gich, mita 3,600. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Rana ta uku ita ce ranar doro na gaskiya. Da sassafe a nufi Imet Gogo, mita 3,926, wani hanci ne na dutse da ya shige cikin sarari, rami ta gefe uku. Daga nan kana ganin ƙasar da ke ƙasa, duwatsu tsaitsaye kamar rumbuna, da ungulu mai gemu tana shawagi a ƙarƙashin ƙafarka, irin wadda ke ɗaga ƙashi sama ta sake shi ya fashe a kan dutse don ta ci ɓargo. Sai a gangara, a sake hawa Inatiye, mita 4,070, sannan a bi bakin gaɓa har zangon Chenek. Awa bakwai zuwa tara ce ga mai ƙwari. Bishiya ta ƙare tun a baya. Abin da ke tsaye sai wani tsiro mai kama da ƙaramar giginya, ya yi shekaru yana girma, ya fitar da doguwar sandar fure sau ɗaya, ya mutu.

Abin da jiki zai gani

Ba tsawon hanya ke kayar da mutum ba, wanda ya saba yini a gonar riɗi lokacin yanka ba ya tsoron tafiyar awa takwas. Iska ce. A mita 4,500, numfashi ɗaya bai kai kashi 60 cikin 100 na abin da yake shigarwa a bakin teku ba. Kai ya yi ciwo, zuciya ta tashi, barci ya ƙi, taku goma sai ka tsaya. Likitocin harkar suna ba da shawarar cewa da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma wanda ciwon ya tsananta masa, ya fara tangaɗi ko numfashi ya gagara ko yana zaune, maganinsa saukowa ne nan take, ba jarumta ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Ciwon sikila ba baƙo ba ne a gidajenmu, kuma ƙarancin iska na tayar da shi. Mai sikila ba wurinsa ba ne. Ko wanda jininsa AS ne, da ba ya jin komai a gida, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi, don haka gwajin jini da ganin likita su ne gaba da sayen takalmi.

Sanyi kuma lissafinsa mai sauƙi ne, ɗan aji shida ma zai yi: duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Hawata ba ta kai mita 500 ba. Ka buga na mita 4,000 ka gani. Daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da aka fi yin tafiyar saboda sama garau take, da asuba ciyawa fari fat take da daskararriyar raɓa. Alwalar Asuba a Chenek sai an ɗora buta a wuta. Shayi ma ba ya yin yadda aka saba, domin a can ruwa na tafasa tun bai kai digiri 90 ba. Alƙibla kuma ta sauya: mu nan arewa maso gabas muke fuskanta, a Simiyan kusan arewa ce sak, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Batun nama, a Habasha mahautan Musulmi daban, na Kirista daban, sai mutum ya faɗa wa mai dafa abinci tun a Dabark. In ba haka ba ga injera, 'yar'uwar kisra, da miyar garin wake da suke kira shiro, ba wanda zai kwana da yunwa.

Daga Chenek ake hawa Buwahit, mita 4,430. A samansa, idan ka dubi gabas, ga Ras Dashen nan kamar ka miƙa hannu. Hangen Dala ba shiga birni ba. Tsakaninku akwai kwarin kogin Mesheha, sai ka zubar da duk hawan da ka tara, ka gangara fiye da mita 1,500, ka ƙetare ruwa, ka hau zuwa zangon Ambiko ka kwana. Kafin asuba a tashi da fitila, awa biyar ko shida ana hawa, a ƙarshe sai an sa hannu an dafa dutse. Da yawa daga Buwahit suke juyawa, kuma ban ga laifinsu ba.

To ina ruwan mutumin Hawata da wannan? Ruwansa kuwa, na sha. Kogin Rahad da ke gabanmu daga tuddan Habasha yake fitowa, yamma da tafkin Tana, can suna kiransa Shinfa. Ruwan Simiyan shi kuma Takaze yake faɗawa, kogin da ke zagaye tsaunukan ta gabas da arewa, ya shigo Sudan ta Hamdayit da sunan Sitit, ya haɗu da Atbara a wajen Shuwak, inda garin Gadarif ke jan ruwan sha. Daminarsu daminarmu ce, Yuni zuwa Satumba. Idan gangaren can ya rasa ciyawa, ƙasarsa biyo ruwa take yi ta taho. Madatsar Khashmul Girba da aka gama a 1964 laka ta cinye kusan rabin cikinta. Madatsun Atbara ta sama da Sitit da aka buɗe a 2017 suna kan hanyar wannan lakar. Wato duk wanda ke ƙasa yana da riba idan ciyawar sama ta zauna.

Mutanen Gich

Tambayar ita ce wa zai biya kuɗin zaman ciyawar. An kafa gandun Simiyan a 1969, hukumar UNESCO ta sa shi a jerin farko na wuraren tarihin duniya a 1978. A 1996 ta mayar da shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana, dalilinta kuwa raguwar waliya, wata akuyar dutse mai manyan ƙahoni da babu ita a ko'ina sai nan, da kuma yawan noma da kiwo a cikin gandun. An faɗaɗa gandun daga murabba'in kilomita 136 zuwa 412. A 2016 aka kwashe ƙauyen Gich, gidaje 418, akasarinsu Musulmi manoman sha'ir da makiyaya, aka kai su bayan garin Dabark, aka ba su diyya da filin gini. Shekara ɗaya bayan haka, a 2017, aka cire Simiyan daga jerin barazana.

Hukumomi sun ce da yardarsu suka tashi. Masanin tarihi ɗan Faransa, Guillaume Blanc, a littafin da ya fitar a 2020, ya ce ba haka abin yake ba, ya ce an talauta manoma ne don a samar wa baƙo dajin da babu mutum a ciki. Ni dai abin da na sani game da manomi shi ne, kuɗin diyya ƙarewa yake, gona ba ta ƙarewa. Mutumin da ya tashi yana noma sha'ir da kiwon tumaki, ka sauke shi a gari da kuɗi a hannu ba gona ba makiyaya, ka mayar da shi ɗan ƙwadago ne, ko mai jan alfadarin baƙo ya wuce ta kufan gidan ubansa. Gaskiya ne gonakin Gich sun gaji, ƙasarsu na zaizayewa, wannan ba ƙarya ba ce. Amma mu da muka ga abin da ya sami 'yan'uwanmu a Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 kan maganar ƙasa da wa ke da ikon zama, bai kamata mu yi saurin tafi ba idan aka ce an tashi wani ƙauye don amfanin kowa. Amfanin ya gangaro har wurinmu, nauyin kuwa a kan gidaje 418 ya tsaya.

Yanzu dai ba lokacin wannan tafiya ba ne, kada wani matashi ya karanta ya ɗauri jaka. Yaƙin Tigrai da ya ɓarke a Nuwamba 2020 mun ga mutanensa da idonmu a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. Namu ya biyo baya a Afrilu 2023, a shekarar kuma faɗa ya tashi a yankin Amhara, inda Gondar da Dabark suke, hanyar Matamma yau a buɗe gobe a rufe. Baƙi sun ja baya, masu alfadarai da 'yan rakiya da masu dafa abinci, waɗanda aka ce yawon buɗe ido zai maye musu gurbin gona, suka zauna ba aiki.

Waliya kuma, wadda saboda ita aka yi duk wannan? Ƙidayar 2015, lokacin mutanen Gich na nan a ƙauyensu, ta samu sama da 800. Ta 2024, bayan shekara takwas da tashinsu, ta samu kusan 300, kuma masu binciken sun ɗora laifin a kan yaƙi da farautar da ta biyo shi.