Masai a Kowane Gida: Da Kuɗin Wa Jigawa Ta Yi Aikin?

Idan aka ce ƙaramar hukuma za ta inganta muhalli, hankalin jama'a yakan tafi kan rukunin gidaje masu jan kwano da ake yanke wa ƙyalle. Amma gidan da ke tsare lafiya ba sai an gina shi sabo ba. Taga mai shigo da iska, kwatar da ba ta kwantar da ruwa, da masai mai murfi, su ne ke raba iyali da zaryar asibiti. A cikin ukun, masai ne aka fi sa wa ido a Najeriya, kuma a nan Jigawa ta yi fice.

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da dukkan ƙananan hukumominta 27 suka daina bahaya a fili. Shekara guda kafin nan, a 2021, tana cikin jihohin da amai da gudawa ya fi yi wa ɓarna, a annobar da ta kashe mutane fiye da 3,000 a faɗin ƙasar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gwamnati ba ta bi gida-gida tana haƙa wa kowa masai ba. Tsarin da aka bi, wanda ya samo asali daga Bangladesh, bai yarda a raba siminti kyauta ba. Jami'an tsafta na ƙaramar hukuma su kan tara mutanen gari gaban dagaci, a zana taswirar ƙauyen a ƙasa, kowa ya nuna inda yake zagayawa. Sai a bi sawun ƙuda daga bayan gari zuwa bakin kwanon tuwo. Kunya da ƙyama ake so su yi aikin, kuma suna yi. Magidanci ya haƙa raminsa, ya jera itace, ya daɓe, ya sa murfi, ya ajiye buta da toka ko sabulu a ƙofa.

To ina kuɗin ke tafiya? Ga horar da jami'ai, man babur, kafa kwamitocin ruwa da tsafta a ƙauyuka, gina masai a makarantu da kasuwanni, da zagayen tantancewa. Kaso mai tsoka ya fito ne daga shirin SHAWN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ta hannun UNICEF, jiha kuma ta zuba nata ta hukumar ruwa da tsaftar karkara, RUWASSA. A nan gizo ke saƙa. Kuɗin tallafi yana da ranar ƙarewa, masai kuwa yana cika, yana kuma rushewa. A kwarin Haɗeja, inda ambaliya ke ziyara kusan kowace damina, ramin da ba a ɗaure shi da bulo ba ruwa ɗaya ya ishe shi. Wanda gonarsa ta nutse, hatsi zai fara nema kafin ya tuna da masai.

Idan tallafi ya ƙare, hankali zai koma kan ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da banɗakunan jama'a da kwashe shara, kuma ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya. Sai dai shekara da shekaru kuɗin na bi ta asusun haɗaka da ke hannun jihohi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kai tsaye, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya.

A ganina, ko kason ya iso yau, ciyaman zai fi son aikin da za a kafa wa allo da sunansa. Albashin dubagari da man babur ɗinsa ba sa fitowa a hoto, alhali shi ne zai koma ƙauye bayan ruwa ya janye ya ga masai nawa suka faɗa. A matakin ƙasa kuwa, dokar zartarwar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2019 ta tsayar da 2025 don kawo ƙarshen bahaya a fili a ƙasar baki ɗaya. An riga an ɗage wa'adin zuwa 2030.