Tsohon Silin Asbesto da Guguwar Gyare-gyare a Wudil

Yadda ake sauke tsohon silin a garuruwanmu kusan iri ɗaya ne ko'ina. Lebura ya hau tsani da guduma ko guntun katako, ya dinga dukan allunan suna zubowa gutsi-gutsi, ƙura ta turnuƙe ɗakin, sannan a kawo tsintsiya a share, a kwashe a baro a jibge bayan gini. Kafin sati ya zagayo, yara sun tsinci gutsattsarin suna rubutu da su a bango kamar alli, wani ya kwashi manyan ya rufe akurkin kaji, wani ya cike kwatamin ƙofar gidansa da sauran. Babu wanda yake ganin an yi ɓarna, domin a idon kowa gyara aka yi.

Wudil tana cikin garuruwan da wannan aiki ya yawaita a 'yan shekarun nan. Garin yana bisa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a da ke jawo kuɗi, ga Makarantar Horar da 'Yan Sanda, ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Ɗalibai da ma'aikata suna neman ɗakunan haya, masu tsofaffin gidaje kuma suna sabunta su domin su ƙara kuɗin haya: a cire tsohon silin a sa na roba ko POP, a yaye tsohon rufi a ɗora dogon kwano mai launi. A ɓangaren hukuma ma, tun da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, aikin gyaran azuzuwa ya ƙaru a faɗin jihar. Duk wannan abin so ne. Matsalar tana cikin abin da ake farfasawa.

Asbesto wani ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, mai zare-zare sirara ƙwarai. Ana cuɗa shi da siminti a yi allunan rufi da silin da bututun ruwa, yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin allon. Magabatanmu ba wauta ce ta sa suka rungume shi ba. Kwano yana mayar da ɗaki tanda a watan Afrilu, yana tsatsa, kuma idan ruwa ya sauko malami ba ya jin muryar kansa a aji. Asbesto kuwa yana da sanyi, ba ya tsatsa, ba ya cin wuta, gara ba ta taɓa shi, ga araha. Kamfanin Nigerite ya kafu a Legas a 1959, Emenite ya biyo baya a Enugu, aka kuma sami Giwarite a nan Kano da wata masana'antar a Bauchi. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, sai aka yi ta gina azuzuwa da asibitoci da gidajen ma'aikata cikin gaggawa, kuma silin da ke kasuwa a lokacin shi ne wannan. Gine-ginen wancan zamani yanzu sun kai shekara arba'in zuwa hamsin, wato sun isa gyara kusan lokaci guda. Wannan shi ne tushen abin da muke gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'in asbesto, har da farin da aka fi amfani da shi a allunan siminti, yana haddasa kansa: ta huhu, ta maƙogwaro, ta ƙwan mace, da wata muguwa da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesoteliyoma. Yana kuma sandarar da huhu har numfashi ya gagara. A ƙiyasin hukumar, mutum fiye da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Amurka kuma ta fitar da dokar hana farin a 2024.

Sai dai a nan ya kamata a yi hattara, kada tsoro ya haifar da abin da ake gudu. Allon asbesto da ke zaune lafiya a sama, bai tsage ba, ba ya zubar da gari, haɗarinsa kaɗan ne, domin siminti ya riƙe zaren. Cutar tana zuwa ne idan zaren ya kuɓuta ya shiga iska: a fasa allon, a yanka shi da inji, a huda shi don rataya fanka, a goge shi da sanfefa kafin fenti, ko a share garinsa a bushe. Zaren ba ya ganuwa da ido, ba shi da wari, ba ya sa tari nan take, kuma yana iya yin sa'o'i yana yawo a cikin ɗaki. Don haka shugaban makarantar da ya ji wannan bayani ya tashi gobe ya sa a rushe silin ɗinsa da guduma, ya je neman gira ne ya rasa ido. A ginin da mutane ke ciki, sau da yawa abin da ya fi shi ne a bar kaza cikin gashinta, amma da sharaɗin an san inda kazar take.

Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin tsarin Ingila. Dokarsu ta 2012 ba ta tilasta cire asbesto daga kowane gini ba. Abin da ta ɗora wa mai kula da makaranta ko ofis ko asibiti shi ne ya binciko inda yake, ya rubuta a rajista, ya riƙa duba halin da yake ciki, kuma ya nuna wa duk ma'aikacin da zai taɓa wurin. Duk da haka har yau kimanin mutum 5,000 ke mutuwa a can kowace shekara, da yawansu kafintoci da masu gyaran famfo da masu aikin lantarki waɗanda suka shaƙi ƙurar tun suna samari.

Jinkirin nan shi ne ya sa batun bai dame mu ba. Cutar tana ɗaukar shekara 20 zuwa 40, wani lokaci fiye, kafin ta bayyana. Matashin da ya sauke silin bana zai iya fara haki yana ɗan shekara hamsin da wani abu, lokacin ya daɗe da barin leburanci. Alamominta, tari da rama da ciwon ƙirji da taruwar ruwa a huhu, sun yi kama da na tarin fuka, wanda ya fi yawa a wurinmu nesa ba kusa ba, kuma tabbatar da ita sai an ɗebi tsoka an gwada a babban asibiti irin na koyarwa na Malam Aminu Kano. Wa zai tuna ya tambayi mara lafiya aikin da ya yi shekara talatin baya? Idan yana shan taba, haɗarin kansar huhu ya ninku. Matar da ke kakkaɓe kayan aikinsa kafin wanki ita ma ta shiga sahu.

Wani zai ce, a garin da zazzaɓin cizon sauro da rashin ruwan sha ke gaban kowa, ina ake da kuɗin wannan? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma ba na ganin hikimar a ware miliyoyi don yaye kowane tsohon silin. Amma yawancin abin da ake bukata ba kuɗi ba ne. A jiƙa allon da ruwa kafin a taɓa shi. A zare ƙusa a sauke shi ɗungurungum, ba tare da fasawa ba. Kada inji ya kusance shi. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. A naɗe tarkacen a leda mai kauri a binne a wurin da hukuma ta keɓe, kada ya faɗa hannun 'yan jari-bola, kada kuma a jefa shi a wuta, don yana tarwatsewa idan ya ji zafi. Takunkumin ƙyalle ba ya tare zaren. Sai mai matata irin na P3. A makaranta, a yi aikin lokacin hutu, a rufe ajin har sai an wanke shi. Allon da ya ɗan tsufa amma bai karye ba, fenti ba tare da gogewa ba yana ƙara riƙe shi. Wanda yoyo ya jiƙa ya lanƙwasa, ko iskar farkon damina ta farfasa, shi ne ya cancanci a fara da shi.

Akwai wani ruɗani kuma. Tun farkon shekarun 2000 manyan kamfanonin nan suka koma yin alluna da wani zaren daban wanda ba asbesto ba, amma a kasuwa har gobe sunansu "asbesto". Sabo da tsoho kamarsu ɗaya, ido ba ya rarrabewa, sai an kai gutsure ɗakin gwaji. Inda babu halin gwaji, shekarar ginin ce ma'auni: duk allon da aka ɗora kafin 2000 a ɗauka yana da shi.

Nan ne Wudil ta fi yawancin ƙananan hukumomi sa'a, tunda jami'ar da ke koyar da injiniyanci da kimiyya tana cikin garin. Ɗaliban da ke neman aikin binciken kammala digiri za su iya zagaya makarantun firamare da asibitocin ƙaramar hukumar su rubuta shekarar kowane gini, irin silin ɗinsa da halin da yake ciki. Rajistar kenan, kusan a kyauta. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ma'aikatar ayyuka, su kuma, layi biyu ya ishe su a takardar kwangila: yadda za a sauke tsohon allo, da inda za a kai shi. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don kare muhalli da ma'aikatar muhalli ta jiha su ne za su nuna wurin binnewa.

Kai kuma mai gida, ko shugaban makaranta, idan ɗan kwangila ya zo da leburorinsa a hutun nan, ka tsaya a wurin ranar da za a taɓa silin. Ka karɓe gudumar, ka miƙa musu bokitin ruwa.