Shin Ko Kun San? Yadda Ake Yi Wa Tsohuwar Roka Kuɗi a Wajen Gwanjo

Shin ko kun san cewa lafiyar hanya tana cikin abin da ke yanke wa tsohuwar mota farashi? Alal misali, Birnin Gwari na kan tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Legas, wadda ta bi ta Tegina, Mokwa da Jebba, ga kuma wadda ta ɓalle zuwa Funtuwa. Masara, dawa, itace, gawayi da shanu duk a bayan manyan motoci suke fita. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun garin, bayan ta shekara da shekaru a rufe saboda 'yan bindiga. Idan lodi ya dawo, motar da aka jingine a kan duwatsu ma sai ta samu mai taya.

Shin ko kun san cewa lambar 911 da ke jikin roka, wato babbar motar Mercedes, bayani ce a kan ƙarfinta? Haka Mercedes-Benz ke raɗa wa manyan motocinsa lamba: 9 na nufin tan tara, nauyin mota haɗe da kayanta, 11 kuma ƙarfin doki kusan 110. Ita kuwa 1113 tan 11 ce da doki kusan 130. Mai saye ya fara duba ko injin da ke ciki shi ne wanda ya dace da lambar.

Shin ko kun san cewa wannan ƙirar mai gajeren hanci ta fito tun 1959, kuma Jamus ta ci gaba da ƙera ta domin ƙasashen waje har 1995? A nan gida kamfanin ANAMMCO na Inugu, wanda aka kafa a 1977, ya haɗa motocin Mercedes, kamar yadda aka haɗa Steyr a Bauci da Fiat a Kano. Yawan roka shi ne gatanta: kayan gyaranta ba sa wuyar samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma bakaniken ƙauye ya san cikinta. Motar da sai an yi cigiyar kayanta, ko da ta fi kyau, kuɗinta ƙasa yake.

Shin ko kun san cewa sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama? Tsohuwar Bedford mai sitiyari a dama tana iya zama 'yar kafin wannan rana, ko kuma wadda aka shigo da ita daga baya daga ƙasa irin Ingila. Wadda aka juya wa sitiyari kuwa, a duba aikin da kyau, domin juyin da ba a yi daidai ba hatsari ne.

Shin ko kun san cewa masu ido ba sa yarda da agogon kilomita? Da yawa daga tsofaffin agogo lamba biyar gare su, suna kai 99,999 sai su koma sifili. Gwani da sassafe yake zuwa. Kafin a taɓa makulli zai ɗora tafin hannu a kan inji. In ya ji ɗumi, to an riga an tayar da ita don a ɓoye wuyar tashi. Sai ya koma baya ya tsaya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi na nuna inji yana shan baƙin mai, baƙi ƙirin matsalar nozul ko famfon mai ce, fari da ya ƙi ɗaukewa kuma alamar ruwa na shiga inji. Zai zaro sandar auna mai: in ta fito da kauri fari-fari kamar kunu, gasket ya tafi.

Shin ko kun san cewa sasi ya fi inji muhimmanci? Inji ana sauke shi a ɗora wani, amma sasin da ya tsage ba ya komawa yadda yake. Motar da ta yi rayuwarta tana jidar gungume da buhunan gawayi a hanyoyin daji, lodi fiye da kima, galibi a gindin sifirin take fara tsagewa. A shiga ƙarƙashi da tocila. Sabon fenti a wuri ɗaya tak, ko faranti da aka liƙa da walda, suna da labari. Lambar sasi kuma dole ta zo ɗaya da ta takarda. Tsarin lamba mai haruffa da alƙaluma 17 daga 1981 ya fara kankama, don haka gajeriyar lamba a motar da ta girme shi ba laifi ba ce.

Shin ko kun san cewa abin da ke ɗaga farashi a Turai yana iya zama ba komai ba a nan? Can masu tara tsofaffin motoci suna biyan kuɗi ne don fentin asali, injin asali da takardun tarihi. A Birnin Gwari tambayar ita ce buhu nawa za ta ɗauka, kuma za ta fita daga laka da damina? Sabon bodin katako da gara ba ta taɓa ba, da tayoyi masu sauran kwana, sun fi tsohon fenti daraja nesa ba kusa ba.

Shin ko kun san cewa kowace tsohuwar mota kuɗi uku gare ta? Na ƙasa shi ne abin da 'yan jari-bola za su biya a kan kilo. Na tsakiya shi ne abin da za a samu in aka farke ta aka sayar da inji, giyabos da aksul daban-daban. Na sama shi ne kuɗin irinta mai lafiya a kasuwa, a cire gyara, tayoyi, batir, sabunta takardu, kuɗin janwe da la'adar dillali. Mai sayarwa ya tsayar da mafi ƙanƙantar abin da zai sallama a tsakanin na biyu da na uku, ƙasa da haka ya ce albarka.

Shin ko kun san cewa hukumar kwastam ta fara gwanjon motoci ta intanet a 2017, ta kuma sabunta shi a farkon 2024? Sai mai lambar biyan haraji yake shiga. Kayan gwanjo kuwa yadda ka gan su haka ka saya, babu dawowa.

Shin ko kun san cewa mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, amma Musulunci ya haramta najashi, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, don kawai ya zuga wasu?

Shin ko kun san cewa Paul Milgrom da Robert Wilson sun ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2020 a kan nazarin gwanjo? Cikin abin da aka nazarta har da yadda wanda ya yi nasara sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa zuzuta darajar kayan, ya biya fiye da kima. Maganinsa a rubuta iyakar kuɗi a takarda tun a gida, in taya ta wuce nan a bar wa mai rabo.