Jeruwar duniyoyi ba ta girgiza ƙasa

Duk lokacin da aka ba da sanarwar cewa duniyoyin da ke kewaya rana za su jeru a sararin samaniya, kamar yadda aka yi a watan Fabrairun 2025, sai saƙonni su cika wayoyin jama'a. Wasu su ce girgizar ƙasa na tafe, wasu su ce nauyin mutane zai ragu har su tashi sama na ɗan lokaci. Maganar tana da saurin shiga kunne domin an gina ta a kan wata gaskiya, kuma wannan gaskiyar ce ya kamata a fara bayyanawa.

Tabbas duniyoyi suna jan junansu. A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa duk abin da ke da jiki yana jan ɗan'uwansa, kuma ƙarfin jan yana raguwa da nisa: idan tazara ta ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rana ke riƙe da fiye da kashi 99 cikin ɗari na nauyin tsarin gaba ɗaya, shi ya sa kowace duniya ke bin falakinta a kewayenta, amma ƙaramin jan da suke yi wa juna yana ɗan karkatar da su. Da irin wannan karkata da aka gani a tafiyar Uranus ne Urbain Le Verrier na Faransa ya lissafa inda wata duniyar da ba a sani ba take, aka kuma hango Neptune daga Berlin a 1846, dab da wurin da ya nuna. Dokar da ta iya wannan aiki ita ce za a tambaya game da jeruwa, kuma amsarta ba ta goyon bayan masu jita-jita.

Da farko, jeruwar kanta ba yadda ake zato take ba. Falakan duniyoyin suna kusan shimfiɗa ɗaya, don haka kullum a kan layi guda muke ganinsu a sama, abin da ke canzawa kawai shi ne yawan waɗanda suka bayyana a dare ɗaya. A ganina hotunan littattafan makaranta sun taimaka wajen ruɗin, domin suna jera su kafaɗa da kafaɗa don su shiga shafi. Da rana za ta zama kamar ƙwallon ƙafa, da duniyarmu ƙwayar gero ce a nisan mita 24, Mushtari kuma mita 120 da 'yan kai, Neptune kuwa ya wuce mita 700. Tsakaninsu babu komai sai fili.

Mai musu zai ce, ai wata yana cika teku yana janye shi, to me zai hana Mushtari, wanda ya ninka duniyarmu nauyi sau 318? Tambaya ce mai kyau. Abin da ke motsa teku shi ne bambancin ja tsakanin ɓangaren duniya da ke fuskantar wata da ɓangaren da ke bayansa, kuma wannan bambanci ya fi saurin mutuwa: tazara ta ninka biyu, ya koma ɗaya cikin takwas. Wata yana nisan kimanin kilomita 384,000 ne, Mushtari kuwa ko ya matso iyakar matsowa yana wajen kilomita miliyan 600. Idan aka yi lissafi, tasirinsa bai kai ɗaya cikin dubu ɗari na wata ba. Zara, wadda ta fi kowace duniya matsowa kusa da mu, ba ta kai ɗaya cikin dubu goma ba. Shi kansa watan yana kai-komo tsakanin kusan kilomita 363,000 da 405,000 a kowane zagaye, kuma canjin da wannan ke haifarwa ya ninka na dukkan duniyoyin sau dubbai, alhali kowane wata muke wuce shi lafiya.

An ma taɓa gwada maganar a aikace. A 1974 John Gribbin da Stephen Plagemann sun wallafa littafi suna hasashen cewa taruwar duniyoyi a gefe ɗaya na rana a Maris 1982 za ta tayar da babbar girgiza a Kalifoniya ta Amurka. Lokacin ya zo ya wuce ba ta faru ba, daga baya Gribbin ya janye daga ra'ayin. Batun tashi sama kuwa asalinsa wasan zolaya na ranar 1 ga Afrilun 1976 ne, da masanin taurari Patrick Moore ya yi a rediyon BBC, aka sake farfaɗo da shi a intanet a matsayin labarin gaske, wai zai faru a Janairun 2015.

Saura masu cewa an yi girgiza a wata ƙasa daidai lokacin jeruwa. An yi, amma girgizar da ta kai maki 5 zuwa sama tana aukuwa fiye da sau dubu a shekara, wato 'yan ƙalilan kusan kowace rana, ko duniyoyi sun jeru ko sun watse. Sababinta yana ƙarƙashin ƙafafunmu, a gogayyar manyan faifan dutse da ɓawon ƙasa ya kasu a kansu.